Bohal ko taron zaman lafiya: me cocinmu zai yi wa unguwa da baikon azumi?

Yakubu_KD:
Salama gare ku 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma zan so Musulmin da ke cikinmu su fi kowa magana. Ni ɗan kwamiti ne a wani cocin Katolika a Kaduna, a irin unguwannin da har yanzu Kirista da Musulmi ke haɗa katanga. Duk shekara a lokacin azuminmu na kwana arba'in ana tara baiko na musamman domin mabukata. Bana abin ya ɗan yi auki, sai Fada ya ce kwamiti ya kawo shawarar abin da za a yi wa unguwa da shi. Mun rabu gida uku. Wasu sun ce a shirya taron zaman lafiya, a gayyato limamai da mai unguwa da DPO, a yi jawabai a ci abinci. Wasu sun ce a haƙa bohal a fito da famfunan waje yadda kowa zai ɗiba. Sauran sun ce sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa: katangar cocin ta tsage, ga gwaurayenmu da aka koro wa yara daga makaranta. Ni ina ɓangaren bohal. Ranar Lahadi mai zuwa za a yanke. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Abu_Hanifa77:
Bohal. Taro an yi an gaji.

MamanGrace:
Ɗan'uwa Yakubu, ba kuɗin da ake kai wa JDPC, ofishin agaji na dayosis (yankin da ke ƙarƙashin Bishop), kake nufi ba? Mu a wurinmu ba a barin shi a coci.

Yakubu_KD:
Mama, an kai musu nasu. Wannan abin da ya rage wa ikklisiya ne, sai kuma ɗan abin da Zumuntar Mata suka ƙara daga asusunsu.

Malam_Sani_TW:
Tunda ka ce mu yi magana, bari in faɗa maka gaskiya ba kwana-kwana. Na halarci irin tarukan nan ba iyaka tun bayan rikicin 2000. Za a kafa rumfa, a jera manya a gaba da ruwan roba, liman ya karanto aya, Fada ya karanto aya, a rungumi juna a ɗauki hoto. Kowa a wurin dama mai son zaman lafiya ne, shi ya sa ya zo. Yaran da ke ɗaukar gora da fetur ranar da abu ya tashi ba sa zuwa taro, ba ma wanda ya san lambarsu balle ya gayyace su. Amma ruwa kowa na sha. Yaron nan da ba ya zuwa taro, ƙanwarsa ce za ta zo da jarka ƙofar cocinku kullum da safe, uwarsa ta san daga ina ruwan girkinta ya fito.

Sai dai ina da sharaɗi ɗaya, kada ku fara haƙa sai kun zauna da mai unguwa da limamin masallacin da ya fi kusa da ku. Ba don neman izini ba, ƙasarku ce. Don kada magana ta riga ku shiga gari.

Hajiya_Bilki:
Malam Sani ya taɓo inda nake so. A unguwarmu wata ƙungiyar Kiristoci ta taɓa raba gidan sauro da magani, kafin la'asar har an baza cewa an sa wani abu a ciki don hana haihuwa. Wallahi da idona na ga mata suna kai nasu bola, wasu kuma suka yi shingen kaji da shi. Ba wanda ya yi musu bayani tun farko, kawai mota aka gani ta tsaya ana sauke kaya.

Gwamna_Sabo:
Ni fa ban gane ba. Mu ne kullum za mu yi ta bi muna lallashi? An manta bam ɗin da aka kai cocin St. Rita a nan Kaduna a Oktoban 2012 ana tsakiyar Mas? An manta na cocin Madalla kusa da Abuja ranar Kirsimetin 2011? Katangarku ta tsage kuna maganar ba wa waɗansu ruwa. Ku gyara katanga ku sa waya a sama, ku taimaki gwaurayenku. Wanda bai kula da na gidansa ba ai Littafi ma ya faɗi matsayinsa.

Abu_Hanifa77:
Gwamna, waɗanda suka kai bam Madalla su ne suka kai na babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014. Kar ka haɗa mu da su.

Gwamna_Sabo:
Ban ce kai ne ba. Na ce a gyara katanga.

Admin_Ladi:
A yi a hankali don Allah. Tambayar Yakubu a kan bohal ce, ba lissafin gawa muka zo yi ba.

Ɗan_Jimeta:
Bari in ba ku labarin garinmu, watakila ya amsa wa Gwamna wani abu. A 2014 da Boko Haram suka ci Madagali da Michika, sannan Mubi a ƙarshen Oktoba, mutane suka kwararo Yola a ƙafa da bayan tifa. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa da ke Jimeta, dubban mutane suka kwana a ciki, a azuzuwa da zaure da filin Allah. Ba a tsaya a ƙofa ana tambayar sunan mutum ba. Ranar rabon abinci za ka ga layin mata, mai hijabi da mai ɗankwalin Zumunta, kowa da buhunta tana jiran masara.

Da shekaru suka ja, wasu suka koma gida, wasu kuma ba inda za su koma. Sai dayosis ta gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, da makaranta da coci, aka buɗe a 2021. Kuma da yake akwai iyalan Musulmi a cikinsu, Bishop ya gina musu masallaci. Ya sha suka a kan wannan, daga Kiristoci 'yan'uwansa ma, wasu suna cewa kuɗin coci ne za a gina masallaci da shi? Bai fasa ba. Shi kansa ɗan yankin Michika ne, nasa mutanen ne aka kora, ba wanda zai ce masa bai san zafin abin ba.

Gwamna_Sabo:
Na san labarin. Wannan Bishop ne, yana da masu taimaka masa daga Turai. Cocin Yakubu da kuɗin 'yan kasuwa da masu gadi yake tafiya.

Ɗan_Jimeta:
Gaskiya ne an samu tallafi daga Jamus wajen gina gidajen. Amma daren farko da mutane suka cika harabar ba Bature ko ɗaya a wurin, matan coci ne suka ɗora tukwane.

Injiniya_Musa:
Ku bar ni in yi maganar aikina, don na ga kowa na cewa bohal kamar sayen buredi ne. Haƙawa ita ce mai sauƙi. Ƙasar Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, in ba a kawo masu awon ƙasa sun duba ba, sai a haƙa a samu ruwa da damina, watan Maris ya ƙafe, daidai lokacin da ake nemansa. Sannan a nisanta shi da sokawe da masai, na coci da na maƙwabta. Sannan wuta: in kun dogara da NEPA kun san sauran, in janareta ne wa zai riƙa sayen mai? Sola ta fi, amma kuɗinta na farko da nauyi, kuma sai an ɗaure faifan da ƙarfe a sama saboda ɓarayi.

Abin da ke kashe bohal ɗin taimako a ƙasar nan shi ne ranar da sumo, injin da ke cikin rami yana turo ruwa, ya ƙone. Ku zaga unguwanni ku ƙirga tankunan 'yan siyasa da ke tsaye ba ruwa, da sunan mai girma a jiki. In kuɗinku bai kai a haƙa a kuma ajiye na gyara ba, gara kada ku fara. Mutanen da suka saba ɗiba wata shida sannan famfo ya bushe sun fi waɗanda ba a taɓa ba su ba jin haushi.

Yakubu_KD:
Injiniya, na gode ƙwarai. Maganar ajiyar kuɗin gyara ba wanda ya kawo ta a kwamiti. Zan same ka ta akwatin sirri.

Sista_ce_ƙanwata:
Wani abu kuma da ba a faɗa ba: 'yan garuwa. Akwai masu tura kura a unguwar? Da wannan suke ci da iyali. In kun buɗe ruwa kyauta kun taɓa abincinsu, haka ma mai bohal ɗin da ke sayar musu. A cocin da ƙanwata ke aiki sai da aka zauna da su, aka ce su ma su ɗiba amma da asuba kafin mata su fito, su riƙa ba da ɗan wani abu ana tarawa na gyara. Su ne ma suka koma masu gadin wurin, don in ya lalace su ne farkon asara.

Malam_Sani_TW:
Wannan dabara ce. A ƙara da cewa kwamitin famfon kada ya zama na 'yan coci zalla. A sa mutum biyu daga masallaci, a sa mace ko biyu, don rigimar layi ta mata da yara ce. Yaro ya ture bokitin yaro, in ba babba a wurin da kowane ɓangare ke jin kunyarsa, kafin ka ankara an ce Kirista ya mari Musulma.

Talatu_Zonkwa:
Ni ina tare da mutanen kashi na uku, kuma ba irin dalilin Gwamna ba. Ina cikin ƙungiyar St. Vincent de Paul a cocinmu. Mu ne ke shiga gidaje, mun san wadda ta kwana ba ta ɗora tukunya ba. Akwai wata tsohuwa da muke kai wa garin masara da man ja duk ƙarshen wata, ɗakinta in ana ruwa sai ta jera kwanoni a kan gado. Ita ma ta jefa nata a baikon nan, na ga lokacin da ta kwance bakin zani. In aka ce mata an kai kuɗin waje alhali rufinta na yoyo, me za mu ce mata? Aikin da ake gani daga titi yana da daɗin yi, shi ake ɗauka a hoto. Na cikin ɗaki ba mai tafa maka.

Kuma kada a ɗauka namu kawai muke bi. A cikin waɗanda muke ziyarta akwai Musulmi, har gidan yari muna kai sabulu ba ma tambayar addini.

MamanGrace:
Talatu kin faɗi gaskiya. Amma tsohuwar nan ita ma ruwa take saye ko? Jarka nawa take sha a wata?

Talatu_Zonkwa:
Tana saye, Mama. Ban ce bohal ba shi da amfani ba. Na ce a raba kuɗin.

Injiniya_Musa:
In aka raba ba zai isa ko ɗaya ba. Rabin bohal rami ne kawai.

Usman_Rigasa:
Tambaya tsakani da Allah, kada a ji haushi. In an gama, za a rubuta sunan coci a jikin tankin? Za a sa gicciye? Domin abin da mutanenmu ke tsoro ke nan, a fara da ruwa a ƙare da wa'azi. Mun ji labarin wuraren da ake ba da taimako ana raba ƙananan littattafai.

Yakubu_KD:
Malam Usman, tambaya ce mai kyau. Wasu a kwamiti suna son a rubuta, wai don a san wanda ya yi. Fada ya ce famfon da ke manne da katangar coci ba ya bukatar allo. Maganar wa'azi kuwa, ba za a yi ba, ba a kuma raba komai.

Tsohon_Ɗalibi:
Usman, ni Musulmi ne, a makarantar 'yan mishan na yi firamare, har yau ban fasa salla ba. Manyan Arewa da yawa ta nan suka bi. Kwalejin Rimi da kake gani a Kaduna ai St. John's ce ta Katolika kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, Queen Amina kuma ita ce Queen of Apostles ta Kakuri. A Kano 'ya'yan manyan Musulmi nawa suka yi St. Louis? Asibitin St. Gerard da ke Kakuri kuwa, in aka yi haɗari a hanyar Abuja ai ba a duba sunan mutum kafin a kai shi can. 'Yan Roman dai a iya sanina ba su cika tsare mutum da wa'azi a kan magani ko karatu ba. Akwai masu yi, amma ka bambance.

Usman_Rigasa:
Na ji, Baba. Amma zamaninku daban. Lokacin ana zaune a cakuɗe. Yanzu yaron da aka haifa a Rigasa zai iya kai shekara ashirin bai taɓa shiga gidan Kirista ba, na Sabon Tasha ma haka. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya raba garin. Abin da ba ka sani ba dole ka yi masa zato.

Tsohon_Ɗalibi:
To ai shi ya sa unguwa irin ta su Yakubu take da tsada. Kaɗan suka rage.

Nanret_Jos:
Ina so in ɗan kare taro, don na ga an yi masa taron dangi. A Jos, Archbishop Ignatius Kaigama kafin a mayar da shi Abuja a 2019 ya yi shekaru yana wannan aikin. Abotarsa da marigayi Sarkin Wase Alhaji Haruna Abdullahi ba ɓoyayya ba ce, tare suke shiga wuraren da aka yi rikici suna magana da mutane. Ya kafa cibiyar sulhu a Jos inda shugabannin addini da na ƙabilu ke zama, ya kuma buɗe makarantar koyon sana'a a Bokkos da ake ɗaukar samarin Kirista da Musulmi tare. Amfanin zama irin wannan ba a ranar ake ganinsa ba. Ranar da jita-jita ta tashi da tsakar dare, Fada yana da lambar liman, liman zai ɗauka don ya san muryarsa. In ba su taɓa zama sun ci abinci tare ba, wa zai kira wa?

Malam_Sani_TW:
'Yar'uwa, ban musa ba. Amma duk da wannan ƙoƙarin Filato ta huta? Kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, da ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018, wane taron bita ya taɓa zuwa? Maƙwabtansa ne, tare suke cin kasuwa, shi ke nan. Mu a wurinmu an ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma malamai sun ce maƙwabci ko ba Musulmi ba ne yana da haƙƙi.

Nanret_Jos:
Filato ba ta huta ba, Malam, muna ciki muna gani. Amma ba ka san abin da zai faru da ba a yi ba. Lambar waya dai nake magana, ba rumfa da ruwan roba ba.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan Kirista ba su da yawa ko kaɗan, amma makarantar mishan da taimakon Caritas, ƙungiyar agaji ta Katolika wadda muke kira CADEV, kowa ya san su, lokacin yunwa sun raba cimaka ba su ware kowa ba. Duk da haka a Janairun 2015, da aka yi zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Faransa, an ƙona coci-coci a Zinder da Yamai, har da makaranta. To kada Yakubu ya ɗauka ruwa zai zama masa katanga. Masu ƙonawa galibi ba 'yan layin ba ne, daga wata unguwa ake kwaso su. Abin da na gani shi ne maƙwabta Musulmi ne suka shigar da Kiristoci gidajensu a ranar. In za ku yi, ku yi don mutane na bukatar ruwa.

Gwamna_Sabo:
Yawwa. Ga wanda ya faɗi abin da nake faɗa.

Issoufou_Damagaram:
A'a ɗan'uwa, ban ce kada a yi ba.

Hajiya_Bilki:
Tunda ana maganar maƙwabtaka, Yakubu ka gaya wa Fada a rage lasifika ranar da kuke kwanan addu'a. Da tare hanya ranar Lahadi.

MamanGrace:
Hajiya, 'yan Katolika ba mu cika kwana da lasifika ba, kin haɗa mu da wasu coci-cocin ne. Tare hanya kuwa, ranar Juma'a fa? Ni sai na zagaya ta bayan kasuwa nake kai wa gida.

Hajiya_Bilki:
Hahaha to Maman Grace, kowa ya buɗe rabin titi mu huta.

Admin_Ladi:
Maganar lasifika a buɗe mata nata zaren, ta isa muhawara guda.

Bitrus_Mai_Walda:
Ni ba dogon ilimi gare ni ba amma ga abin da muka yi. Samarin cocinmu da samarin masallacin layinmu muka sa ranar Asabar ɗaya kafin damina muka kwashe kwata tun daga bakin titi har gada. Ba kuɗin kowa sai na shebur da baro da muka aro. Matan Zumunta suka dama kunu, wani Alhaji mai shago ya aiko da buredi. A cikin kwatar nan na san wani yaro da kullum muke harare-harare, yanzu shi ke kawo mini gyaran kekensa na ɗinki. A 2025 da azuminmu ya haɗu da Ramadan mun kai musu dabino da ƙanƙara masallaci, su ma da Ista suka shigo gaisuwa. Ba sai an jira kuɗi sun taru ba.

Talatu_Zonkwa:
Bitrus, wannan ya fi mini. Kwata kyauta ce, kuɗin kuma a yi wa gwauraye rufi.

Abu_Hanifa77:
Kwata sau ɗaya ce a shekara. Ruwa kullum ne.

Yakubu_KD:
Na karanta duka, Allah ya saka. Abin da zan kai wa kwamiti: kafin Lahadi ni da katikis, mai taimaka wa Fada, za mu je gaida mai unguwa da liman mu ji ta bakinsu, watakila ma su ce ba ruwa ne ya fi damunsu ba. Injiniya zai turo mini wanda zai auna ƙasa ya faɗi kuɗin gaskiya har da na gyara. In bai isa ba, zan goyi bayan Talatu bana, bohal ya jira baikon godiyar kaka. Gwamna, maganar katanga tana nan, ƙungiyar maza sun ce za su ɗauki nauyin siminti.

Gwamna_Sabo:
Su fara kawo simintin mu gani.

Malam_Sani_TW:
In za ku je wurin liman ku je bayan la'asar, kada ku je da azahar yana sauri. Kuma kar ku tafi da takarda a hannu kamar 'yan haraji.

Usman_Rigasa:
Injiniya, bohal mai sola da tanki biyu nawa yake kamawa yanzu? Na masallacinmu ma sumo ya ƙone tun kafin salla.